Stull: Ƙauyen da Jita-jita ta Mayar Ƙofar Jahannama

Gabatarwa

Da wuya a sami gari a ƙasarmu wanda ba shi da wani kufai, ko tsohuwar kuka, ko bakin maƙabarta da ake hana yara bi da almuru. Dukanmu mun tashi da irin waɗannan labarai, na fatalwa mai farin mayafi da na wutar da ake hangowa da tsakar dare. Galibinsu ba su cutar da kowa, iyakarsu su koro yaro gida kafin duhu ya rufa. Sai dai akwai labarin fatalwa da kan tashi daga hirar dare ya zame wa masu gari masifa, kuma irinsa muka ɗauko wa 'yan'uwa a fitowar bana. Al'amarin ya auku ne a wani ɗan ƙauye mai suna Stull, cikin jihar Kansas ta ƙasar Amurka, inda wata tsohuwar majami'a ta dutse da maƙabartar da ke jikinta suka yi suna a duniya da cewa wai nan ne ƙofar Jahannama. Za mu bi tarihin wurin daki-daki, mu ga waɗanda suka kafa shi, da lokacin da labarin ya ɓullo, da bakin da ya fito, sa'an nan mu ga wanda ya kwana a ciki.

Mafarin ƙauyen

Kansas tana tsakiyar Amurka. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta noman alkama da masara da kiwon shanu, kuma ta samo sunanta daga ƙabilar Kansa, ɗaya daga cikin mutanen asali da Turawa suka tarar a can. A shekarar 1854 gwamnatin Amurka ta buɗe yankin ga masu neman ƙasar noma. Nan da nan wuri ya rikice, domin masu son a ci gaba da bauta da masu ƙin ta kowa ya kwararo da niyyar rinjayar ɗan'uwansa. An zubar da jini ƙwarai kafin Kansas ta zama jiha a 1861, kuma a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, mahara suka auka wa garin Lawrence, suka ƙone shi, suka kashe maza da samari wajen 150.

A cikin wannan zamani na ɗar-ɗar ne waɗansu iyalai manoma suka sauka a bakin wani rafi, kimanin kilomita 16 yamma da Lawrence, a kan hanyar zuwa Topeka. Sunan wurin na farko Deer Creek, wato Rafin Barewa. A 1857 gida shida ne kacal. Harshensu Jamusanci ne. Waɗansunsu sun taso daga jihar Pensilbaniya, inda kakanninsu suka daɗe da zama, waɗansu kuwa sababbin zuwa ne daga Jamus, sun gudo wa aikin soja na tilas.

Abin da suka fara haɗa kai a kansa shi ne wurin ibada. A 1859 suka kafa jama'ar majami'a da suka kira Evangelical Emmanuel, reshen wata ɗariƙa da Jacob Albright ya assasa a tsakanin Jamusawan Pensilbaniya a farkon ƙarni na 19. Shekara takwas suna tara taro da sisi, har a 1867 suka haɗa dala 2,000, wani manomi daga cikinsu mai suna Jacob Hildenbrand ya ba da fili a kan tudu, suka gina majami'a da farin dutsen da ke yankin. A gefenta suka keɓe maƙabarta. Duk wanda ya taɓa shiga aikin gayya na gina makaranta ko masallaci ko coci a ƙauye ya san abin da dala 2,000 take nufi ga manoman da ba su daɗe da sare daji ba. Da Jamusanci aka yi ta yin wa'azi a wannan ɗaki har zuwa 1908.

Sunan Stull kuwa daga baya ya zo. A watan Afrilu na 1899 aka buɗe gidan waya a ƙauyen, aka ɗora wani mutum mai suna Sylvester Stull a kansa, hukuma ta sa wa gidan wayar sunansa. An rufe shi a 1903, amma sunan ya zauna. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Ƙauyen bai taɓa girma ba. A 1912 mutum 31 ne a cikinsa, kuma ko a lokacin da ya fi cika bai wuce mutum 50 ba. An yi maganar kafa banki, an yi maganar jawo layin dogo, duk abin ya tsaya a baki. A 1922 jama'ar suka ga tsohon ɗakin ya yi musu kaɗan, suka gina sabuwar majami'a ta katako a ƙasan tudu, bakin hanya. Ita ce ta ci gaba da aiki, kuma bayan haɗewar ɗariƙu a 1968 ta shiga ƙarƙashin cocin Methodist. Tsohuwar kuwa aka bar ta a kan tudu, rana ta doke ta, sanyi ya doke ta, tagogi suka zube, ciyawa ta rufe ƙofa. Maƙabartar dai ba a daina binne mutane a cikinta ba.

Iyakar tarihin Stull ke nan na shekara ɗari da 'yan kai: noma, aure, haihuwa, ibada da jana'iza. Akwai baƙin ciki irin wanda ba a rasa shi a kowane ƙauye. A farkon ƙarni na 20 wani yaro ya rasu a gobarar gona da mahaifinsa ya kunna don share saura, wani mutum kuma ya ɓata, daga baya aka tsince shi a rataye. Mutanen gari sun yi kukansu, sun binne nasu, rayuwa ta ci gaba.

Shekarar 1974

A Lawrence akwai Jami'ar Kansas, mai dubban ɗalibai da suka fito daga birane daban-daban. Ɗaliban suna da jaridarsu, University Daily Kansan. A watan Nuwamba na 1974 wannan jarida ta buga wani labari a kan maƙabartar Stull. Labarin ya ce wai an daɗe ana faɗin cewa Iblis da kansa yakan bayyana a wurin sau biyu a shekara: a daren Halowin, wato 31 ga Oktoba, da kuma ranar da dare da yini suke daidaita a watan Maris. Aka kawo bakin waɗansu ɗalibai da suka ce sun je da dare, wani ya ji an kama masa hannu bai ga kowa ba, wani ya ce ya manta abin da ya same shi a can.

Wannan shi ne rubutu mafi daɗewa da masu bincike suka samu a kan fatalwar Stull. Da aka tambayi mazauna ƙauyen, waɗanda kakanninsu ke kwance a maƙabartar, sai suka ce ba su taɓa jin wannan zance ba. Masana tarihin yankin da mutanen gari sun haɗu a kan magana guda, cewa ɗalibai ne suka ƙago labarin, su ne kuma suka yaɗa shi.

Ya kamata a dubi zamanin. A ƙarshen 1973 aka fito da fim ɗin The Exorcist, wanda ya ba da labarin yarinyar da shaiɗan ya shiga, mutane suka yi ta layi don kallonsa. Zancen Iblis da tsafi ya cika bakin samari a Amurka. Ga mota a hannun ɗalibi, ga kangon majami'a a kan tudu tafiyar minti ashirin, ba fitila, ba mai gadi. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda ƙarya ta yi rassa

Abin lura a nan shi ne, kowane reshe na labarin an rataye shi ne a jikin wani abu na gaske da ido ke iya gani. Da haka ƙarya takan sami ƙafar tsayawa.

Aka ce wai ainihin sunan garin Skull ne, kalmar Turanci mai nufin ƙoƙon kai, wai mutanen gari suka sauya harafi guda don su ɓoye tsafin kakanninsu. Alhali mun ga inda sunan ya fito, ga shekara, ga sunan mai gidan waya a takardun hukuma.

Akwai wani dutsen kabari mai ɗauke da sunan wani iyali na Jamusawa, sunan ya yi kama da kalmar da Turawa ke kiran mayya da ita. Shi ke nan, aka ce kabarin mayya ne. Aka ƙara da cewa ta haifa wa Iblis ɗa, ɗan ya mutu, shi ne uban yake zuwa ziyara. Wata baiwar Allah da ta yi zamanta ta mutu cikin mutunci, sai ga jikokin wasu sun mayar da ita matar shaiɗan.

Akwai wani dogon itace a maƙabartar, irin mai ganye kamar allura na ƙasashen sanyi, wanda ya tsiro har ya tsaga wani dutsen kabari. Aka ce a jikinsa ake rataye mayu. Babu wata takardar kotu ko ta majami'a da ta nuna an taɓa rataye mayya a Stull. Shari'o'in maita da aka sani a tarihin Amurka, irin na garin Salem, an yi su ne a 1692, a can gabashin ƙasar, fiye da shekara 160 kafin a kafa wannan ƙauye.

Da rufin majami'ar ya lalace, aka ce ruwan sama ba ya sauka a cikinta ko da ana kwarara a waje. Aka ce in ka jefi bangon da kwalba ba ta fashewa, in kuwa ta fashe to ajalinka ya kusa. Mai karatu zai iya ƙiyasta yawan fasassun kwalaben da wannan magana kaɗai ta tara a kan kaburburan mutane. Daga bisani aka ce akwai wata matakala a ɓoye da ke gangarawa har cikin wuta, kuma Stull ɗaya ce daga ƙofofi bakwai na Jahannama. In ka ce ka duba ba ka ga matakala ba, sai a ce ai ba ta bayyana sai a daren da aka ambata. In ka je a daren ba ka gani ba, sai a ce ka yi sa'a, domin wanda ya gan ta ba ya komowa ya ba da labari. Zancen da aka gina haka ba ya karɓar gyara.

Har Paparoma ba a bari ba. A watan Agusta na 1993 Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci birnin Denver don taron matasa na duniya. Sai aka ce wai ya umarci matuƙin jirginsa ya kauce wa sararin gabashin Kansas don kada ya bi ta kan ƙazamin wuri. Babu wata shaida da ta tabbatar da wannan, amma har yau ana maimaita shi a intanet.

Wanda ya kwana a ciki

Mukan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. A Stull ta yi 'ya'ya, sai dai waɗanda ba su shuka ba su ne suka ci ɗacinsu.

A daren 20 ga Maris 1978 mutane wajen 150 suka taru a maƙabartar suna jiran fitowar Iblis. A daren Halowin na 1988 taron ya kai kimanin 500. A tuna, ƙauyen da ake magana bai taɓa wuce mutum 50 ba. Iblis bai fito ba, amma da gari ya waye an tarar da gwangwanayen giya, da tattakakkun kaburbura, da rubuce-rubucen banza a bangon da kakanni suka ɗora dutse bisa dutse. A shekarun da suka biyo baya an tuntsurar da duwatsun kabari, an farfasa waɗansu, an sace waɗansu ɗungum don a ajiye a ɗaki a nuna wa abokai. Dutsen kabari a wurinsu shi ne ke ɗauke da sunan mamaci da ranar haihuwarsa da ta rasuwarsa. In an ɗauke shi, jika zai zo ya tsaya bai san inda kakarsa take kwance ba.

Mutanen gari suka kai kuka ga hukuma. Aka kewaye maƙabartar da waya, aka kafa allunan hana shiga, 'yan sandan gundumar Douglas suka riƙa sintiri, musamman a ƙarshen Oktoba. Aka yi shela cewa wanda aka kama a ciki bayan an rufe zai iya biyan tara har dala 1,000, ko ya yi wata shida a kurkuku. A nan ne wani abin takaici ya faru. Duk matakin da masu gari suka ɗauka don kare matattunsu, sai masu jita-jita su mayar da shi hujja. An sa waya? To, akwai abin da ake ɓoyewa. Tsoho ya ƙi magana da ɗan jarida? Ai da ma an ce sun san sirrin. Mutanen da aka hana barci shekara da shekaru, gajiyarsu ma sai da aka fassara ta da maita.

A 1998 aka sare itacen nan. A watan Maris na 2002, bayan bango ya fara zubewa har ana tsoron ya danne masu haurawa da dare, aka rushe majami'ar baki ɗaya. Ginin da ya shekara 135 a tsaye, wanda da an kula da shi da ya zama abin nuna wa jikoki, ya koma tarin duwatsu.

Rushewar ba ta kashe labarin ba, domin ya riga ya fi ƙarfin ginin. Tun a 1992 wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Urge Overkill ta fitar da faifai mai suna Stull, da hoton majami'ar a bangonsa. A 2010 shirin talabijin na Supernatural ya sa babban faɗan ƙarshen zangonsa na biyar a maƙabartar Stull, ko da yake a ƙasar Kanada aka ɗauki hoton. A 2013 mawaƙiya Ariana Grande ta gaya wa wata mujalla cewa ta nufi wurin ta gamu da abubuwan ban tsoro. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sami abin da yake nema, ko kuɗi ko suna. Mutanen Stull kuwa abin da suka samu shi ne ƙarin baƙin dare.

Abin da tarihin ya nuna

Masana al'adu a Amurka sun daɗe suna nazarin irin wannan labari. Jan Harold Brunvand, a littafinsa na 1981, ya nuna yadda tatsuniyoyin zamani suke yawo daga gari zuwa gari, kullum a bakin wanda ya ji daga abokin abokinsa. Sun kuma lura da al'adar samari ta zuwa wurin da ake tsoro da dare don gwada jarumtaka. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane ne a cikinmu bai san yaron da aka yi wa kirari don ya taɓo kukar bayan gari bayan isha'i ba?

Bambancin shi ne mai labarin. Tatsuniyar da kaka ke yi wa jikokinta tana da linzami. Kaka ta san kabarin wane ne a gindin itacen, ta san iyakar inda za ta kai zancen, kuma ita za ta fara tsawata wa yaron da ya taka kushewa. Labarin Stull ba shi da wannan linzami, domin waɗanda suka ƙirƙire shi ba su da kowa a maƙabartar. Sun ga kango, ba su san Hildenbrand ba, ba su san dala 2,000 ba, ba su san cewa an yi shekara 41 ana addu'a da Jamusanci a ɗakin ba. Daga 1922 zuwa 1974 shekara 52 ke nan ginin yana tsaye ba a aiki da shi. Da baƙo ya zo ya tarar da wuri ba bayani, sai ya yi masa nasa. Kafin masu gari su farga su ce ga yadda abin yake, ƙarya ta riga ta shiga jarida, gaskiya kuwa tana bakin tsofaffi 'yan ƙalilan.

Kammalawa

Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yawancin masu karanta wannan mujalla suna zaune ne a birane, 'ya'yansu kuma a can aka haife su. Yaron da ke zuwa gida sau ɗaya a shekara, in ya ga tsohon gini ko tsohuwar maƙabarta, abin da direba ko ɗan acaba ya gaya masa shi zai ɗauka ya koma da shi. A zamanin wayar hannu kuwa ba a bukatar jaridar ɗalibai; mutum guda da hoto guda ya isa ya ɓata sunan gari kafin gari ya waye.

Saboda haka muna ganin akwai aiki a gabanmu wanda bai fi ƙarfinmu ba. Tsofaffin da suka san wanda ya fara sauka a kowace unguwa, da wanda ya ba da filin maƙabarta, da dalilin da ya sa aka tashi daga kufai, suna raguwa kowace damina. A zauna da su, a rubuta abin da suka faɗa, da sunaye da shekaru gwargwadon iko, a ajiye kwafi a makarantar firamare da fadar mai gari. A kewaye maƙabartu tun ba a fara noma ko gini a gefensu ba. Wanda ya kawo iyalinsa gida hutu, ya ɗauki yini guda ya zaga da su, ya nuna musu inda kakanninsu suke. Labaran fatalwa ma a rubuta su, a ce ga abin da ake faɗa, ga kuma abin da ya faru, don na baya su iya rarrabewa.

Mutanen da ke kwance a tudun Stull manoma ne da suka ƙetare teku da daji suna neman inda za su yi noma su yi ibada cikin kwanciyar hankali. Ba su nemi suna ba, kuma wanda aka ba su ba nasu ba ne. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.